Asalin Tangaran

Hausawa na cewa matambayi ba ya ɓata. Ni dai ɓarna ce ta sa ni tambaya, tambayar kuwa ita ta kai ni ga abin da zan bayyana wa 'yan'uwana ɗalibai a wannan ɗan rubutu.

A hutun da ya wuce na je Jega wurin kakata. Duk wanda ya shiga ɗakinta, abin da zai fara gani shi ne jerenta, langa kan langa har kusan rufi, ga kuma kwaba mai gilashi cike da tangaran. A ciki akwai wani farin faranti mai zanen shuɗi wanda marigayi kakana ya saya mata a kasuwar Jega da kuɗin albasarsa, shekarar da aka canja kuɗi daga fam zuwa naira, watau 1973. Ba a taɓa cin abinci a cikinsa ba. Ta yi alkawarin sa shi a kayan ɗakin 'yar kawuna da za a kai Maiyama. Ni aka sa in goge shi, sai ya suɓuce daga hannuna ya rabu gida uku.

Kakata ta daɗe tana kallonsa, sa'an nan ta ce, "Kishiya, yau kin rama." Ta yi dariya, amma na ga idonta ya kawo ruwa. Kawuna mutumin Aliero, garin da ya yi suna wajen ɗori, ya ce, "Garinmu ko cinya ce ta karye muna ɗora ta, amma ba a haifi mai ɗorin tangaran ba tukuna."

Da na tsince gutsattsarin sai na lura da abu biyu. Na farko, bakin da ya fashe fari ne fat har ciki, ba kamar tukunyarmu ba mai jan ciki, ba kuma kamar langa ba, wadda ƙarfe ce aka shafe da ruwan gilashi. Na biyu, a gindinsa akwai tambarin da ke nuna a ƙasar Sin aka yi shi. Da muka komo makaranta na tambayi malaminmu na kimiyya, na kuma shiga laburare. Ga abin da na samo.

Ashe tangaran ma ƙasa ce, 'yar'uwar tukunya da tulu. Mutanen Sin ne suka fara yin sa fiye da shekara 1,000 da suka wuce, garin Jingdezhen kuma shi ya fi shahara a kansa. Suna haɗa wani farin yumɓu da garin wani dutse, su gina, su gasa a wuta mai zafin awo 1,300 ko kusa da haka. Mu tuna ruwa a awo 100 yake tafasa. A irin wannan zafi garin dutsen yakan narke ya zama kamar gilashi, farin yumɓun kuma ya riƙe siffar abin. Shi ya sa tangaran ba ya tsotson ruwa, in an ƙwanƙwasa shi ya yi ƙara kamar ƙararrawa. Sunan farin yumɓun kawolin, daga sunan wani tudu, Gaoling, inda ake haƙo shi.

Turawa sun yi ɗaruruwan shekaru suna sayen tangaran da tsada ba su san yadda ake yin sa ba. Wani sarki a ƙasar Jamus ta yanzu, Agustas Mai Ƙarfi na Saksoni, son tangaran ya kai shi ga ba Sarkin Farusiya sojan doki 600 a 1717, ya karɓi tangaran 151 na Sin. To, wannan sarki yana tsare da wani saurayi, Johann Böttger, wanda ya cika baki cewa zai iya juya baƙin ƙarfe da dalma su zama zinariya. Baki shi ke yanka wuya. Sarki ya kulle shi ya ce sai ya ga zinariya. Da abin ya faskara, sai aka haɗa shi da wani masani, Tschirnhaus, suka dinga gwada ƙasa iri iri a wuta, har a 1708 suka dace da farin tangaran. A 1710 sarki ya buɗe masana'anta a garin Meissen kusa da Dresden.

An tsare ma'aikatan kamar fursunoni don kada asiri ya fita, amma duk da haka a 1719 ɗaya daga cikinsu ya gudu da shi zuwa Biyana. Saboda masu kwaikwayo, daga 1722 aka soma zana takubba biyu a gicciye a gindin kayan Meissen, tambarin da har yau suke aiki da shi. A 1731 wani gwanin sassaƙa, Kändler, ya kama aiki a wurin, ya riƙa gina 'yan ƙananan siffofin tsuntsaye da dabbobi da mutane, har da birai masu kaɗe-kaɗe. Da can da sukari ake gina irin waɗannan don ƙawata teburin sarakuna ran biki, sai na tangaran suka maye gurbinsu. Daga nan ne al'adar tara 'yan siffofin tangaran ta bazu a Turai, siffofin Hummel a Jamus a 1935 da kamfanin Lladró a Sifen a 1953 suka biyo baya.

Akwai abin da zai ba mutanen Aliero dariya. Wani zanen Meissen mai shuɗi da ya yi suna ƙwarai, sunansa zanen albasa. Alhali kuwa ba albasa ba ce, 'ya'yan itatuwa ne irin su rumman da aka kwaikwayo daga farantan Sin, Turawa suka ga sun yi kama da albasa.

Mu nan iyayenmu ba sa ajiye mutum-mutumi a ɗaki, amma abin da ke sa Baturiya ta tara su shi ke sa kakata ta yi jere. Kowane kwano yana tuna mata da wani biki ko wani mutum. Kafin langa da tangaran, ƙorai da faya-fayai da tasoshi ake jerawa, kuma yawancinsu aikin hannun mutanenmu ne. Yanzu kuwa kusan duk na waje ne, ga shi muna da kawolin a ƙasar nan, alal misali a Ƙanƙara ta Jihar Katsina. Gwanaye ma muna da su. Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan takardar naira 20, da ginin tukwanen gargajiya ta fara kafin ta shiga makarantar ginin tukwane ta garin Abuja na da, watau Suleja, a 1954, har kayanta suka kai Ingila da Amurka.

An kai amarya Maiyama da sabon faranti wanda na saya da kuɗin guzurina. Kakata kuwa ta ƙi yarda a zubar da fasasshen, ta mai da gutsattsarin cikin kwaba inda yake da. Na yi mata alkawari in Allah ya sa na yi zurfi a kimiyya, zan gasa mata wani da ƙasarmu. Ta ce in hanzarta, kishiya ba ta jiran kishiya.

Daga ƙarshe ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai, in kun je hutu ku juya farantin da ke kwabar iyayenku ku duba tambarinsa, ku tambayi wanda ya saye shi da shekarar da aka saya. Sai dai ku riƙe shi da hannu biyu.