Wasiƙun Masu Jego a Kan Shayarwa da Tatsar Nono

Tun da aka shiga makon shayarwa na duniya, wanda ake yi daga 1 zuwa 7 ga watan Agusta a kowace shekara, wasiƙun da suka taru a gabana a filinmu na amsa wasiƙu, in an ɗebe ƙalilan, duk na masu jego ne da mazajensu, saboda haka na ga ya kyautu mu keɓe musu zaman yau, mu bi mas'alolinsu gwargwadon abin da lokaci ya ba mu.

Wasiƙa ta farko daga Funtuwa ta fito, daga wata baiwar Allah mai haihuwar fari, jaririnta yana da kwana goma sha biyu. Ta ce a kwanaki ukun farko ba abin da ya fito mata sai wani ruwa mai kauri, fatsi-fatsi, wanda uwar mijinta ta sa aka matse aka zubar, yanzu kuma ga yaro ba ya ɗaukar sa'a biyu bai nemi mama ba, har zuciyarta ta soma raya mata cewa nononta bai ishe shi ba.

To, 'yata, Allah ya raya, ya ba ki lafiyar shayarwa. Wannan ruwan da aka zubar shi ne dakashi, kuma da iyayenmu sun san fa'idar da Ubangiji ya ajiye a cikinsa, da ba su bari ɗigo ɗaya ya taɓa ƙasa ba, domin shi ne rigakafin farko da jariri ke samu, yana ɗauke da sinadaran da ke kare hanjinsa daga cututtuka, yana kuma taimaka masa ya fitar da baƙin kashin nan na farko. Ƙarancinsa ba aibi ba ne, gama tumbin jariri a ranar da ya zo duniya abin da yake ɗauka a shan guda bai fi cikin cokalin shayi ɗaya ko ɗan ɗoriya ba, watau an auna abincin daidai da mazubinsa. Don haka ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi horo da a ɗora jariri a mama cikin sa'ar farko bayan haihuwa. Ina yarinya na ga wani abu a gidanmu wanda har yau bai bar idona ba: aka tatsi nonon wata amarya a ludayi, aka jefa tururuwa a ciki, tsofaffi suka sunkuya suna kallo, da tururuwar ta daina motsi aka yanke hukunci cewa nonon mugu ne, aka hana yaro shi kwana da kwanaki, uwar na gefe tana sharar hawaye ƙirjinta ya cika tam. Alhali tururuwa ko a ruwan randa ta faɗa tana iya nutsewa. Ba na faɗin haka don in ci mutuncin tsofaffinmu, da ƙauna suka yi, iyakar saninsu ke nan. Amma abin da ya wuce a kanki ya wuce, na gaba kada a sake.

Amma batun cewa bai ishe shi ba, wannan ita ce damuwar da na fi cin karo da ita a wasiƙunku, kuma galibi zato ne ba tabbas ba. Jariri sabon haihuwa yakan sha sau takwas zuwa goma sha biyu a tsakanin dare da rana, saboda nonon uwa ba ya daɗewa a ciki. Shi kuwa mama ba tulu ba ne da ake cikawa a jira ya ƙare; kamar rijiya yake, gwargwadon yadda aka ja, gwargwadon yadda ruwa ke tsattsafowa, tsotson dare ma ya fi ƙarfafa zuwansa. Idan kina son hujjar da za ki riƙe, ki bar ƙidayar kuka ki ƙidaya fitsari: muddin yana jiƙa zane sau shida ko fiye a kwana ɗaya, fitsarin fari tas ba ja ba, kina jin ƙarar haɗiyarsa lokacin da yake sha, kuma sikelin asibiti ya nuna wajen mako biyu ya mayar da nauyin da aka haife shi da shi, to nononki ya wadatar. In waɗannan alamu ba su cika ba, ko kika ga ya yi laushi ba ya farkawa ya sha, ko idonsa da jikinsa sun yi ɗorawa, kada ki kwana sai kin kai shi asibiti.

Wani magidanci daga Maraɗi yana tambaya ko ba zalunci ba ne a hana jariri ruwa a zafin bazara, lokacin da babba ma maƙogwaronsa ke bushewa. Malam, tausayinka a kan hanya yake, sai dai ka sani kusan kashi 87 cikin 100 na nonon uwa ruwa ne, ruwa kuma mai tsafta. Wanda aka ɗura masa na randa yakan cika ɗan tumbinsa ya rage tsotso, nono ya ja baya, ga kuma ƙofar gudawa an buɗe. Wata shida cur ba ruwa, ba koko, ba jiƙo. Zuma kuwa a nisanta ta da bakinsa har sai ya cika shekara, domin tana iya ɗauke da ƙwayar da ke shanye jikin jariri. Ruwan nan da kake son ba shi, uwarsa za ka miƙa wa, ka haɗa mata da kunun gyaɗa da abinci mai rai, ka rage mata aikin gida.

Sai wata malamar makaranta daga Zariya, wadda hutun haihuwarta ya kusa ƙarewa ga yarinya 'yar wata uku. Tana tambaya ko lalle sai ta sayi na'urar tatsar nono, da kuma yadda za ta adana shi ga wuta ba ta zama.

Malama, na'ura tana sauƙaƙa aiki ga mai halin saye, amma ba sharaɗi ba ce. Hannunki ya isa. Ki wanke shi da sabulu, ki samu kofi mai murfi wanda aka wanke aka ƙona da tafasasshen ruwa, ki zauna inda hankalinki zai kwanta, ki ɗan gasa maman da tsumma mai ɗumi. Sa'an nan ki sa babban yatsa a sama, manuniya a ƙasa, a gefen baƙin da'irar nan da ke kewaye da kan mama, ki danna ciki wajen ƙirji, ki matse, ki saki, kina zagayawa. Kada ki ja kan maman kansa, domin ba abin da zai ba ki sai zafi. Ranar farko watakila abin da za ki samu ba zai rufe gindin kofi ba, kada wannan ya karya miki zuciya, ki soma tun saura mako biyu ki koma aiki, da sassafe lokacin da ƙirji ya fi cika, za ki ga hannu ya saba, nono kuma ya amsa. In kin zaɓi na'ura, ki lura mazurarinta ya dace da girman kan mamanki, kuma duk ɓangaren da nono ya taɓa a kwance shi a wanke bayan kowace tatsa.

Game da ajiya, abin da masana suka tsayar shi ne awa huɗu a ɗaki mai sanyi wanda zafinsa bai wuce digiri 25 ba, kwana huɗu a firji, wata shida a wurin da yake daskarewa. Amma ke da ni mun san ɗakunanmu a watan Afrilu, mun kuma san halin wutarmu, saboda haka ki rage a kan wannan ƙiyasi: ki rufe kofin ki dasa shi cikin kwanon ruwan randa a inuwa, ko cikin kula da ƙanƙara, wanda kika tatsa da safe a shayar kafin hantsi ya dube. In an bar shi ya kwanta za ki ga maiƙo ya taso sama, ba lalacewa ba ce, a juya kofin a hankali ya haɗe. Ba a ɗora shi a wuta. A tsoma kofin cikin ruwan ɗumi kawai. Wanda ya narke ba a sake daskarar da shi, ragowar da bakin yarinya ya taɓa kuwa in ya wuce awa biyu a zubar. Ni a ra'ayina ƙaramin kofi ya fi fida, domin wanke shi ya fi sauƙi, ba ya kuma sa yarinya ta ƙyamaci mama. A makaranta ma ki riƙa tatsa duk bayan awa uku, kuma ki sani dokar ƙwadago ta Nijeriya ta ba mai shayarwa rabin awa sau biyu a rana cikin lokacin aiki. Haƙƙinki ne, ki nema da ladabi ba tare da jin nauyi ba.

Mata uku sun rubuto a kan tsagewar kan mama da zafin shayarwa. Mafi yawan sababin wannan kamun yaro ne: ya buɗe baki sosai, ya haɗa da baƙin da'irar, haɓarsa ta taɓa mama, leɓensa na ƙasa ya juyo waje. In mama ya kumbura ya yi tauri, a ci gaba da ba shi, hanawa ita ke ƙara cutar. In zazzaɓi da jan fata suka shigo, sai asibiti a ranar.

Wasiƙa ta ƙarshe daga Kumasi take, kuma ta taɓo fiƙihu. Mai ita ta ce yayarta na kwance ba lafiya, ita kuwa nono ya yi mata yawa, ta tatsa an ba ɗan yayar a cokali. Shin hukuncin shayarwa ya hau, tun da bai kama mama da bakinsa ba? 'Yar'uwa, Allah ya saka miki da alheri, ya ba yayarki lafiya. A mazhabar Malikiyya, wadda galibinmu ke bi, abin lura shi ne isar nono cikin yaro a shekaru biyun shayarwa, ko da sau ɗaya ne, ko ta cokali ko ta kofi. Shafi'iyya kuwa sun sharɗanta shayarwa sau biyar. Saboda haka a mazhabar Malikiyya yaron nan ya zama ɗanki na shayarwa, 'ya'yanki kuma 'yan'uwansa ne, babu aure tsakaninsu. Tun da mu mutane ne masu auren zumunci, ki sanar da mijinki da mijin yayarki da dattawan gida, a rubuta a ajiye tun yau, ki kuma je wurin malamin unguwarku ya warware miki rassan mas'alar. Ta fuskar lafiya kuma, duk mai niyyar shayar da ɗan wata ya kamata ta fara yin gwajin jini, saboda akwai cututtuka irin su ƙanjamau da ke bi ta nono.

Masu tambaya a kan azumin mai shayarwa da kuma yaye, wasiƙunku na nan a hannuna, da su za mu buɗe fili mako mai zuwa in Allah ya kai mu.