Haƙorin da ya fita saboda rauni: wa zai biya kuɗin dashe?

Jama'a, kusan kowane wata sai an kawo mana mutum a ɗakin shan magani bakinsa yana jini, haƙori ya fita. Wani daga babur ya faɗo, wani saniya ce ta harbe shi, wani kuwa ƙarfe ne ya buge shi a wurin aiki. Bayan ciwo ya lafa, tambayarsu ɗaya ce: "Malam, an ce ana dasa sabo a asibitin birni, gwamnati za ta biya?" To, ga amsa, maigida ya karanta wa iyalinsa.

Da fari ku san abin da ake nufi da dashe. Ba irin haƙorin Makka ba ne da ake lulluɓa wa haƙori mai rai. Likitan haƙori yakan huda ƙashin muƙamuƙi, ya kafa wata 'yar ƙusa ta ƙarfen da ake kira titaniyam. Sai a jira wata 3 zuwa 6 har ƙashi ya kama ta, sa'an nan a ɗora haƙori a kanta. Aiki ne mai kyau, amma mai tsada ƙwarai, kuma sai a manyan asibitoci.

Dashen da ya fi kowane araha shi ne na haƙorinka na ainihi. In haƙorin babban mutum ya fita ɗungum, a nemo shi maza. A riƙe shi ta kai, kada a taɓa saiwar. In ya yi ƙasa a ɗauraye shi kaɗan, ban da kankarewa, ban da sabulu. A mayar da shi gurbinsa, mutum ya ciji tsumma mai tsabta. In ya ƙi shiga, a jefa shi cikin madara sabuwar tatsa, a nufi asibiti. Kada a ƙulle shi a takarda ko a sa a aljihu, gama in saiwar ta bushe ta mutu. Sa'a guda ta farko ita ce ta samun sa'a. Haƙorin yaro na nono kuwa ba a mayar da shi, don kada a lalata wanda yake tsirowa a ƙarƙashinsa. In akwai rauni da ƙasa ta shiga, a tambayi allurar tetanus.

Maganar kuɗi

Kada in ɓoye muku: inshorar lafiya ta gwamnatin tarayya, wadda dokar 2022 ta mai da ita hukumar NHIA, tana ɗaukar duba haƙori da cirewa da ciko, amma dashe yana cikin abin da ta ware ta ce ba ta biya. Jihohi ma suna da nasu tsarin taimakekeniya na lafiya. Wanda yake da kati ya tafi da shi, zai rage masa kuɗin ɗinki da magani, ya kuma tambayi ma'aikacin abin da katin ya ƙunsa kafin a fara aiki.

Hanya mafi ƙarfi ita ce ta wanda ya ji rauni a bakin aiki. Akwai dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010. Bisa ga wannan doka, mai kamfani ko ma'aikata shi ne yake zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashi a asusun hukumar NSITF, ba a cire ko kwabo daga albashin ma'aikaci. Daga asusun nan ake biyan kuɗin jinyar wanda ya ji rauni wajen aiki. Amma lalle ku lura da kwanaki. Ma'aikaci, ko wani nasa, ya sanar da maigidan aikinsa cikin kwana 14. Shi kuma maigidan aiki ya kai rahoto ga hukumar cikin kwana 7. Takardar neman diyya kuwa a shigar da ita kafin shekara guda ta cika. Hukumar ce za ta duba rahoton likita ta yanke irin gyaran da za ta biya, saboda haka a roƙi likita ya rubuta dalilin da ya sa dashe ya fi dacewa, in haka ya gani.

Na taɓa ganin wani lebura da ya zubar da haƙora biyu a wurin lodi. Kunyar maigidansa ta hana shi magana, ya karɓi 'yan kuɗin shan magani ya yi shiru. Da ya zo neman shawara an yi shekara da rabi, ba kati, ba rasit, ba shaida. Na rasa abin da zan rubuta masa.

In mota ce ta buge ka, doka ta wajabta wa kowane mai mota inshorar da za ta biya wanda ya raunata. Wannan ba kuɗin gwamnati ba ne, amma hakkinka ne. A rubuta lambar motar, a kai rahoto ga 'yan sanda ran nan, a karɓi takarda.

Manomi ko makiyayi da yake aikin kansa fa? Shi sai ya karɓi takardar turawa daga wurinmu zuwa babban asibiti, kamar asibitin koyarwa na Aminu Kano ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. A can ya nemi ofishin jin daɗin jama'a, su ne suke binciken halin marasa ƙarfi, wani lokaci a yi musu rangwame. Ba alkawari na yi muku ba. In dashe ya gagara, akwai haƙorin roba na sawa da cirewa, yana toshe giɓi, yana gyara magana, kuɗinsa kuwa bai kama ƙafar na dashe ba.

Kowace hanya za ka bi, ka adana katin asibiti na ranar farko, da hoton ƙashi, da kowane rasit, da sunayen mutum biyu da suka ga abin da ya faru. A sa su cikin leda a ƙasan akwati, inda gara da ɗigon damina ba za su kai ba.

Mai shan taba da mai ciwon sukari su faɗa wa likita tun da wuri, domin ƙashinsu ba ya saurin kama ƙarfen. Yaro kuma ba a yi masa dashe sai muƙamuƙinsa ya gama girma, watau wajen shekara 18 ko fiye. Kafin nan za a sa masa na wucin gadi, takardunsa kuwa uba ya ci gaba da riƙe su.