Kujerar mota

Mu lura

Yara, wa ya taɓa yin tafiya mai nisa cikin mota? Daga Yamai zuwa Damagaram akwai kusan kilomita 900. Matafiyi yakan wuni zaune. Wanda ya zauna bisa buhun hatsi a bayan babbar mota, yakan sauka da ciwon baya. Wanda ya samu kujera mai kyau, da sauƙin gajiya yake sauka.

Kujerar mota tana da aiki biyu. Na farko, ta ɗauki jikin mutum, ta rage masa jijjigar hanya. Na biyu, ta riƙe shi ranar da haɗari ya auku. Mutane da yawa sun yi tunani, sun yi gwaje-gwaje, kafin kujera ta iya waɗannan ayyuka. Ga labarinsu.

1. Kujerun farko

A shekara ta 1886, wani Bajamushe mai suna Karl Benz ya ƙera mota mai ƙafa uku. Kujerarta benci ne na mutum biyu, irin na keken doki. A wancan zamani, masu yin keken doki su ne ke yi wa motoci kujeru. Suna haɗa katako, su jera murɗaɗɗun wayoyin ƙarfe masu lotsawa su dawo. Sai su shimfiɗa gashin doki a bisa, su rufe da fata. Aikin yana cin lokaci, kujerar kuma tana da nauyi. Ba ta da abin da zai riƙe mutum idan mota ta yi karo.

2. Zuwan soso

A shekara ta 1929, a Ingila, ma'aikatan kamfanin Dunlop suka ɗauki ruwan itacen roba, suka kaɗa shi kamar yadda ake kaɗa nono. Ya yi kumfa. Da suka gasa kumfar, sai ta zama soso mai laushi. A shekara ta 1937 kuma, a Jamus, wani masani mai suna Otto Bayer ya gano wani haɗi na sinadarai. Daga wannan haɗi aka samu sabon soso, wanda ya bazu bayan shekara ta 1950. Irinsa ne ke cikin katifun gidajenmu. Cikin soso akwai ƙananan ramuka birjik masu cike da iska. Shi ya sa yake lotsawa idan an zauna, ya dawo idan an tashi. Sannu a hankali, soso ya maye gurbin gashin doki.

3. Kujerar talaka

A shekara ta 1948, kamfanin Citroën na Faransa ya fito da ƙaramar mota mai suna 2 CV. An yi ta ne domin manoma. Ana so ta ratsa gona ɗauke da kwandon ƙwai, ba tare da ko ɗaya ya fashe ba. Kujerarta ba ta da tsada: bututun ƙarfe aka lanƙwasa, aka ɗaura igiyoyin roba, aka shimfiɗa yadi a bisa. Ana iya ciro ta a ajiye gindin itace a huta, ko a bar wuri don kaya. Wannan kujera ta nuna cewa dabara tana iya maye gurbin kuɗi mai yawa.

4. Ɗamarar da ke ceton rai

Idan direba ya taka birki da ƙarfi, me kuke ji? Jikinku yana yin gaba. Mota ta tsaya, amma jiki yana so ya ci gaba da tafiya. Idan mota mai gudun kilomita 50 a awa ta daki bango, wanda ke ciki kamar ya faɗo ne daga tsawon mita 10. Ba hannun da ke da ƙarfin tare irin wannan faɗuwa.

Tun da farko an gwada ɗaure mutum da ɗamara guda a ƙugu. Amma kai da ƙirji suna yin gaba, ciki kuma yana jin rauni. A shekara ta 1959, a ƙasar Suwidin, wani injiniya na kamfanin Volvo mai suna Nils Bohlin ya samo dabara. Dā ma ya taɓa aikin kujerun matuƙan jiragen sama. Ya yi ɗamara mai kamu uku: ɗauri ɗaya ya bi ta kafaɗa da ƙirji, ɗaya ya bi ta ƙugu, su haɗu a gefen kujera. Ƙasusuwan ƙirji da na ƙugu suna da ƙwari, su ne ke ɗaukar ƙarfin karon. Da hannu ɗaya ake ɗaura ta.

Kamfanin Volvo bai riƙe dabarar don kansa ba. Ya bar sauran maƙeran motoci su yi amfani da ita. A Faransa, doka ta tilasta wa mazauna gaba ɗaura ta tun 1973 a manyan hanyoyi, mazauna baya kuma tun 1990. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wannan ɗamara tana rage haɗarin mutuwar mazauna gaba da kusan rabi.

5. Matashin kai da kujerar jariri

Idan wata mota ta daki tamu daga baya, kujera tana tura jikinmu gaba, kai kuma ya koma baya da ƙarfi. Nan wuya ke jin rauni. Don haka aka ƙara wa kujera matashin kai. A Amurka, tun shekara ta 1969 doka ta ce kowace sabuwar mota ta zo da shi a kujerun gaba. Ba don barci aka yi shi ba. Ya kamata samansa ya yi daidai da tsakar kan mai zama.

Jariri fa? Kansa yana da nauyi, wuyansa kuma bai yi ƙwari ba. Wani likita ɗan Suwidin mai suna Bertil Aldman ya lura da yadda ƴan sama-jannati ke kwanciya da baya lokacin tashin kumbo, don bayansu duka ya ɗauki ƙarfin tashin. A shekara ta 1964, ya yi ƴar kujera wadda yaro ke zama ciki yana duban baya. Idan an yi karo, bayan kujerar ne ke tallafe kansa da wuyansa da gadon bayansa gaba ɗaya. Uwa tana son ɗanta, amma ranar haɗari hannunta ba ya iya riƙe shi bisa cinya.

6. Yadda ake ƙera kujera

A masana'anta, aiki yana bin matakai biyar:

a) Injina suna yanka ƙarfe, su lanƙwasa shi, a yi masa walda. Shi ne ƙashin kujera. A ƙarƙashinsa akwai dogo biyu, inda kujera ke zamewa gaba ko baya, don dogon direba da gajere kowa ya kai ga birki.
b) Ana haɗa ruwan sinadarai iri biyu, a zuba cikin mazubi mai siffar kujera. Haɗin yana kumbura kamar ƙullin masa. Bayan ƴan mintoci ya zama soso.
c) Ana yanka yadi ko fata, maɗinka su ɗinka rigar kujera da keke.
d) Ana ɗora soso bisa ƙarfe, a sa riga, a ɗaure.
e) Ana gwaji. Akan zaunar da mutum-mutumi bisa kujera, a ɗaura masa ɗamara, a yi karo da gangan, a auna abin da ya same shi. Kujerar da ta karye, sai a sake mata fasali.

Mu riƙe

Kujerar mota tana hutar da jiki, tana kuma kare rai. Amma ɗamarar da ba a ɗaura ba, ba ta ceton kowa. Idan mun shiga mota, mu zauna sosai, mu jingina, mu ɗaura ɗamara, ko da tafiyar gajera ce. Wurin yara shi ne kujerar baya. Rigakafi ya fi magani.

Kalmomi cikin faransanci

kujera: le siège
majingina: le dossier
matashin kai: l'appui-tête
ɗamara: la ceinture de sécurité
soso: la mousse
murɗaɗɗiyar waya: le ressort

Mu amsa

1. Waɗanne ayyuka biyu kujerar mota take yi?
2. Da me ake cika kujeru kafin a samu soso?
3. Wa ya ƙirƙiro ɗamara mai kamu uku? A wace ƙasa?
4. Don me kujerar jariri take duban baya?
5. Shekara nawa ne tsakanin motar Benz da ɗamarar Bohlin?

Mu gwada

Ku ɗauki motar gwangwani irin wadda kuke ƙerawa. Ku ɗora ƙaramin dutse a kanta, ku tura ta har ta daki bango. Ina dutsen ya tafi? Yanzu ku ɗaure shi da zare, ku sake turawa. Ku rubuta abin da kuka gani cikin jimla uku. Idan kun koma gida, ku yi wa iyayenku bayani.