Allurar Rigakafin Sankarar Bakin Mahaifa: A Tilasta Ko A Lallasa?

Sankarar bakin mahaifa ciwo ne da ke cin mace a ɓoye shekara da shekaru kafin ya bayyana. Da yawa ba su zuwa asibiti sai jini ya ƙi tsayawa, sa'an nan kuwa aikin likita ya yi wuya. A lissafin shekarar 2020, mata wajen 12,000 suka kamu da shi a Nijeriya, wajen 8,000 suka rasu. Asalinsa wata ƙwayar cuta ce da likitoci ke kira HPV, wadda ake ɗauka ta wajen saduwar namiji da mace, har a cikin aure. Iri-irinta suna da yawa, amma biyu daga ciki, watau na 16 da na 18, su ke haddasa kamar kashi 70 cikin 100 na wannan ciwo.

An fara allurar rigakafinta a duniya cikin 2006. Gwamnatin Tarayya ta shigar da ita cikin rigakafin yau da kullum ran 24 ga Oktoba 2023, aka soma da Kano da Jigawa da Bauchi da waɗansu jihohi. Jihar Kaduna ta shiga a zagaye na biyu, cikin watan Mayu 2024. Allura ɗaya ce a dantse, kyauta, ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14. Dalilin zaɓen ƙanana shi ne allurar tana tare cutar ne tun ba ta shiga jiki ba, ba ta warkar da wadda ta riga ta kamu.

To, ga tambayar da za a kawo wa Hakimi a zaurensa, ko a Kawo ko a Doka: shin a kafa doka cewa ba za a karɓi yarinya a makaranta ba sai ta nuna katin allura?

Masu son tilas ba su rasa hujja ba. Sun ce yarinya 'yar shekara tara ba ta iya zaɓa wa kanta, in ubanta ya ƙi, ita za ta sha wahalar bayan shekara ashirin. Sun kuma tuna cewa Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ta wajabta wa iyaye rigakafin jarirai 'yan ƙasa da shekara biyu, kuma dattawa ba su manta da zamanin lambar agana ba.

Amma fa agana da ƙyanda suna bin iska, yaro ɗaya ya shafa wa aji duka. Wannan kuwa ba a ɗaukarta a kan benci, saboda haka hujjar tsare sauran 'yan aji ba ta da ƙarfi a nan. Abu na biyu ya fi nauyi. Dokar da aka rataya a ƙofar makaranta ba ta kai ga yarinyar da ke talla a Kasuwar Kawo ko a tashar mota, uban da ke shakka kuma hanya mafi sauƙi gare shi ita ce ya cire 'yarsa daga makaranta. Ka ga ke nan an yi biyu babu, ba allura ba karatu. Ko a Amurka, da Gwamnan Jihar Texas ya ba da irin wannan umurni cikin 2007, majalisar jihar ta soke shi a shekarar. Ruwanda kuwa ta soma tata cikin 2011 ta hanyar makarantu da wayar da kan iyaye, ta sami fiye da kashi 90 cikin 100.

Ƙasar nan ma ta ga darasinta. Cikin 2003 jita-jitar cewa maganin shan inna yana hana haihuwa ta sa aka dakatar da shi a waɗansu jihohin Arewa, cutar ta bazu har ƙasashen waje. Abin da ya gyara al'amarin shi ne shigowar sarakuna da malamai, musamman kwamitin sarakunan Arewa da aka kafa cikin 2009 a ƙarƙashin Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar. Cikin Agusta 2020 aka tabbatar an rabu da shan inna na asali. Irin jita-jitar nan ta biyo wannan allura, alhali miliyoyin da aka yi wa tun 2006 suna aure suna haihuwa. Abin da aka fi gani shi ne ɗan zafin dantse, ko jiri na ɗan lokaci, shi ya sa akan zaunar da yarinya kaɗan bayan an yi mata.

Saboda haka lallashi ya fi dacewa, amma lallashi mai bin diddigi. Lalle ne Hakimi ya tara dagatai da masu unguwanni da limamai da malaman Islamiyya kafin masu allura su iso, ma'aikaciyar lafiya ta amsa tambayoyi a gabansu. Magatakarda ya riƙe littafi unguwa-unguwa, Unguwar Shanu dabam, Badarawa dabam, Malali dabam, ya rubuta yawan 'yan matan da suka isa, da waɗanda aka yi wa, da gidajen da suka ƙi tare da dalilinsu kamar yadda maigida ya faɗa. Kada a kira wanda ya ƙi a gaban jama'a. Mai unguwa ya koma masa da kansa, in ya yiwu da limamin masallacinsa. Matan aure kuma a shaida musu su je asibiti a duba bakin mahaifa, gama allurar 'ya'yansu ba ta tsare su ba.