Yadda Dokokin Turai Ke Sauya Wayar Da Ke Hannun Ɗan Najeriya

Duk wanda ya riƙe iPhone 15 zai lura cewa ramin cajinta ya sauya. Kamfanin Apple ya ajiye Lightning da yake amfani da shi tun 2012, ya koma USB-C irin na mafi yawan wayoyin Android. Ba gwamnatin Najeriya ce ta matsa masa ba, ba kuma ta Amurka ba. Tarayyar Turai ce ta kafa doka a 2022 cewa daga ƙarshen 2024, duk sabuwar wayar da za a sayar a ƙasashenta sai mai USB-C.

Me ya sa dokar ta tsallako?

Tarayyar Turai ƙasashe 27 ne masu mutane kusan miliyan 450, kasuwar da babu kamfanin da zai yarda ya rasa. Ƙera waya iri biyu, ɗaya ta Turai ɗaya ta sauran duniya, yana cin kuɗi. Sai kamfani ya bi doka mafi tsauri a ko'ina. Farfesa Anu Bradford ta Jami'ar Columbia ce ta raɗa wa wannan suna "Tasirin Brussels", wato birnin da hukumar tarayyar take.

Bayanan sirri

Dokar kare bayanai ta GDPR ta fara aiki ranar 25 ga Mayu, 2018. Ta ba mutum ikon sanin bayanan da kamfani ya tara a kansa, da neman a goge su. Tarar karya ta na iya kai kashi 4 cikin 100 na kuɗin shigar kamfani a duk duniya. Wasu ƙasashe sun ɗauki darasi daga gare ta: Najeriya ta fitar da ƙa'idar NDPR a 2019, sannan cikakkiyar dokar kare bayanai a 2023.

Inda dokar ke tsayawa

Amma fa ba kowane 'yanci ke tsallakowa ba. A Maris 2024, dokar DMA ta sa Apple ya bari a sauke manhajoji daga wasu shaguna ban da App Store, sai dai ya taƙaita damar ga mazauna Turai. Haka kuma a 2019 kotun ƙolin tarayyar ta yanke cewa Google bai zama dole ya goge sakamakon bincike a duk duniya ba idan Bature ya nema, a shafukansa na Turai kawai.

Bambancin shi ne, kayan ƙarfe da wuya a raba su gida biyu, amma manhaja ana iya kunna ta a wata ƙasa a kashe a wata. Saboda haka mai waya a Kano ko Maraɗi ya ci arzikin Turai a wajen caja, amma haƙƙinsa a kan bayanansa ya rataya ne a kan dokar ƙasarsa da yadda ake aiwatar da ita.