DARASIN NOMAN RANI: DAGA BOLA ZUWA GARKA



An gama girbi, hatsi ya shiga rumbu. Yanzu lokacin garka ne. Daga gulbin Maraɗi zuwa koramar Matamai da Magariya, daga Galmi da Madawa zuwa bakin kogi a Yamai, kowa yana gyaran rijiya da shinge. Tun bayan farin 1984, lokacin da gwamnatin Seyni Kunce ta yi kira ga noman rani, garake sun yawaita a ƙasarmu. Albasa, tumatir, shu, salati, karoti da zogale suna cike giɓin da damana ta bari.

Amma akwai kukan da muke ji ko'ina: «Ƙasa ta gaji, takin zamani ya yi tsada.» Darasinmu na yau a kan wannan kuka yake. Rabin maganin yana bayan gidajenmu, a kan bola.

1. MI YA SA ƘASA TAKE GAJIYA?

Shuka tana ci kamar yadda mutum yake ci. Manyan abincinta ukku ne. Na farko azot, shi ke sa ganye ya yi kore. Na biyu fosfor, shi ke ƙarfafa saiwa da fure. Na ukku potas, shi ke taimakon ƴaƴa da kwan albasa. Su ne harufa ukku da kuke gani a jikin buhun takin zamani: N, P, K.

Duk lokacin da muka cire albasa muka kai kasuwa, abincin da ta ci ya bar garka tare da ita. In muna ɗiba ba mu mayarwa, dole ƙasa ta rame. Ga shi kuma yawancin ƙasarmu rairayi ce. Ba ta riƙe ruwa, ba ta da fosfor da yawa.

Takin zamani yana ciyar da shuka, amma ba ya gyara jikin ƙasa. Ruɓaɓɓen taki shi ke gyara ta. Yana sa rairayi ya riƙe ruwa, yana sa laka ta yi laushi. Wanda ya haɗa su biyun ya fi wanda ya dogara ga ɗaya. Wanda ba shi da kuɗin buhu kuma, ruɓaɓɓen taki bai fi ƙarfinsa ba.

2. SHARA IRI BIYU CE

Akwai shara mai ruɓewa: ƙaiƙayi, guntayen kara, busasshen ganye, ciyawar da aka nome, ɓawon gujiya, ɓawon albasa da na rogo, kashin awaki, na tumaki, na shanu, na jakai da na kaji, da tokar murhu. Wannan duka abincin garka ne.

Akwai shara marar ruɓewa: leda, kwalba, gwangwani, tsofaffin takalman roba, matattun baturan rediyo da na tocila, da bidon maganin ƙwari. Wannan ba ta zama taki ko ta shekara nawa.

Aiki na farko shi ne rabawa. Tun daga tsakar gida za a fara. Mai shara ta aje kwando biyu, ɗaya na mai ruɓewa, ɗaya na marar ruɓewa. Masu kai bolar gari gona da amalanke, kamar yadda ake yi a kewayen Maraɗi da Damagaram, su tsince leda da batur kafin su zuba.

Wani zai ce: «Kara ai abincin bisashe ne, da shi muke darni, da shi muke girki.» Gaskiya ne. Ba mu ce a hana bisashe ci ba. Kuma a bar wani kara kwance a gona, don ya tare iska kada ta kwashe ƙasa. Abin da muke nema shi ne ragowar da bisashe suka tattake a turke, da tsohon darni, da sharar masussuka. Abin da muke hani gare shi kuwa shi ne ƙonewa. In an ƙone ciyawa, azot yana tafiya cikin hayaƙi, toka kaɗai take saura.

3. YADDA AKE YIN RAMIN TAKI

A zaɓi wuri mai inuwa cikin garka, inda kai ruwa ba zai yi wuya ba. Amma kada a manna shi da rijiya. A bar tazara mai kyau, kuma kada ya zama ruwan ramin zai gangara wajenta.

A gina rami biyu kusa da juna. Kowane ya yi metir 3 na tsawo, metir 1 da rabi na faɗi, zurfi kamar rabin metir. Na farko na cikawa ne, na biyu na juyawa.

Ga yadda ake jerawa:

Na 1. A sassare kara ƙanana, kada ya wuce tsawon tafin hannu. A shimfiɗa shi da ciyawa da ganye, kauri kamar santimetir 20. A tattake, a yayyafa ruwa har ya jiƙa.

Na 2. A zuba kashin bisashe a kai, kauri kamar yatsa huɗu. A yayyafa ruwa.

Na 3. A barbaɗa toka kaɗan, kamar yadda ake barbaɗa yaji a nama. Toka in ta yi yawa tana korar azot. Wanda ya samu garin fosfat na Tawa, ya barbaɗa shi nan.

Na 4. A sake komawa daga farko: ciyawa, kashi, toka. A yi ta yi har tulin ya ɗara bakin rami.

Na 5. A kafa doguwar sanda a tsakiya. A rufe da tsohuwar tabarma, ko zana, ko ciyawa, don rana kada ta busar da shi.

Abubuwan da ba a sawa ko da suna ruɓewa: mushe, bayan gidan mutane, shukar da ta kamu da cuta, da ƙudujin da ya riga ya yi ƴaƴa.

4. YAYA ZA MU SAN AIKI YANA TAFIYA?

Masu ruɓar da shara wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani. Suna son abu ukku: abinci, ruwa da iska. In suna aiki, rami yana yin zafi. Zafin yakan kai digiri 60. Shi ke kashe yawancin ƴaƴan ciyawa da ƙwayoyin cuta.

Bayan kwana 3 ko 4, a zare sanda a taɓa.

In tana da zafi da laima, aiki ya kama.

In ta yi sanyi kuma a bushe take, ruwa ya yi kaɗan. A ƙara.

In tana wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai, ruwa ya yi yawa, iska ba ta shiga. A juya, a ƙara busasshiyar ciyawa.

Ga wata dubara. A damƙi takin a matse cikin hannu. In ruwa yana zuba, ya yi yawa. In ya warwatse, ya bushe. In ya dunƙule, hannu ya yi laima, daidai ke nan.

Kowane kwana 15 a kwashe shi daga wannan rami zuwa wancan. Na sama ya koma ƙasa, na gefe ya koma tsakiya. A yayyafa ruwa inda ya bushe. Bayan wata 2 zuwa 3, taki ya nuna. Zai yi baƙi-baƙi, ya yi sanyi, ya yi ƙamshin ƙasar da ruwan farko ya daka. Zai ragu wajen rabi. Kada wannan ya dame ku, haka yake yi.

Ramin da aka cika a watan 10 zai nuna wajen watan 1. Zai yi wa shukar baya amfani, ragowar kuma a aje a inuwa don gonar damana. Wanda yake son taki tun farkon noman rani, ya cika raminsa a watan 8, lokacin da ciyawa da ruwa suke a wadace.

5. NAWA AKE ZUBAWA?

Ga lissafi, a ɗauko alli. Fangali mai faɗin metir 1 da tsawon metir 10, girmansa 1 x 10 = 10. Kowane metir yana son kilo 2 zuwa 3 na taki. In kilo 2 ne, 10 x 2 = 20. In kilo 3 ne, 10 x 3 = 30. Wato fangali ɗaya yana son kilo 20 zuwa 30.

A cuɗanya takin da ƙasar sama kafin dashe. Kada a bar shi a fili, rana da iska suna rage ƙarfinsa.

Mi ya sa ba za a zuba ɗanyen kashi kai tsaye ba? Domin yana ƙone ƙananan shuka. Yana kawo ƴaƴan ciyawa da gwazarma. Kuma yana iya sa cuta a jikin salati da tumatir, waɗanda ake ci ɗanye.

6. LEDA, BATUR DA BIDON MAGANI

Leda abokiyar gabar manomi da makiyayi ce. In ta shiga ƙasa tana tare ruwa da saiwa. In akuya ko saniya ta haɗiye ta, ba ta narkewa. Sai dabba ta yi ta ramewa, wata har ta mutu. Mahauta sun san wannan, suna ganinta cikin tumbi. In an ƙone ta, hayaƙinta yana cutar ƙirji, balle na yara. A shekarar 2014 Nijar ta yi dokar da ta hana ƙera leda marar kauri, da shigo da ita, da sayar da ita. Amma har yanzu ga ta nan rataye a kan ƙaya. Doka ba za ta tsince mana ita ba. Mu je kasuwa da kwando, da ƙwarya, da jakar tsumma, kamar yadda iyayenmu suke yi.

Mataccen batur yana da guba a ciki. Kada a jefa shi cikin ramin taki, ko wuta, ko kusa da rijiya. Kada a bar yara su fasa shi. A tara cikin tsohon gwangwani mai murfi, a aje nesa da ruwa.

Bidon maganin ƙwari ya fi su haɗari. Ko an wanke shi, ba a zuba ruwan sha, ko nono, ko mai a ciki. A ɗauraye shi sau 3, ruwan ɗaurayar a zuba cikin abin feshi. Sa'an nan a huda shi don kada kowa ya yi aiki da shi. A nemi malamin gona ya faɗi inda za a kai shi.

7. ABIN DA ZA A SAKE AIKI DA SHI

Ledar ruwan sha da aka yar: a yanke bakinta, a huda gindi, a cika da ƙasa da taki. Ta zama wurin renon zogale, gawo ko mangwaro, don dashen ranar 3 ga watan 8. Ranar dashe a cire ledar, kada a binne ta.

Babban gwangwanin tumatir: a huhhuda gindinsa da ƙaramar ƙusa. Ya zama abin ban ruwan iri, ba ya kwantar da ƙananan shuka.

Tulun da ya tsage: a binne shi har wuya kusa da ɗan itace, a cika da ruwa, a rufe baki. Ruwa zai riƙa tsatsowa sannu sannu wajen saiwa.

Ƙaiƙayi da busasshiyar ciyawa: a shimfiɗa tsakanin shuka. Ƙasa ba za ta bushe da wuri ba, jan guga zai ragu.

Ruwan alwala da na wankin hatsi: a ba itatuwan gida. Ruwa mai sabulu da yawa kuma, kada a kai shi ga kayan miya.

8. AIKIN GAYYA NE

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A garkar jama'a, a zaɓi mutum 3 ko 4, maza da mata, su kula da rami. A sa ranar juyawa, kowa ya san ta.

Abin da yake ɓata irin wannan aiki shi ne rabo. Wani ya kawo kwando 10, wani bai kawo ko ɗaya ba, ranar kwasa kuma kowa ya miƙo hannu. Nan ne amfanin karatunku yake. Ɗaya daga cikinku ya riƙe littafi. Ya rubuta ranar da aka cika rami, da ranakun juyawa, da sunan kowa da kwandunan da ya kawo. Matan da suka tara shara a rubuta su da sunansu. Ranar rabo littafi ne alƙali.

Kada ku yarda don mun faɗa kawai. Ku gwada. Ku ware fangali 2 na albasa, iri ɗaya, ruwa ɗaya. Ɗaya a sa masa ruɓaɓɓen taki, ɗaya a bar shi haka nan. Ranar cira ku auna, ku rubuta, ku aiko mana da sakamako mu buga don sauran garuruwa su gani.

TAMBAYOYIN DA ZA A TATTAUNA A AJI

1. Faɗi abubuwa 5 masu ruɓewa da 3 marasa ruɓewa.
2. An zare sanda, ta yi sanyi kuma a bushe. Mi za a yi?
3. Kana da fangali 6, kowane yana son kilo 20. Kilo nawa za ka tanada?
4. An cika rami ranar 1 ga wata. Wace rana za a yi juyawar farko?
5. A garinku, ina ne wurin da ya dace da ramin taki? Su wa za su kula da shi?

Allah ya ba mu rani mai albarka, ya kai mu damana lafiya. Amin.