Yadda Kamfani Ke Gano Aikin Tilas a Sarƙar Kayansa

Mu fara da ma'ana. Yarjejeniya ta 29 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda aka ƙulla a 1930, ta ce aikin tilas shi ne aikin da aka sa mutum da barazanar hukunci, ba da son ransa ba. A ƙiyasin ƙungiyar na 2021, mutum miliyan 27.6 ne ke cikin wannan hali.

Sarƙar samar da kaya kuwa ita ce jerin hannayen da kaya ke bi kafin su kai kanti. Ɗauki riga: wani ya noma auduga, wani ya gurje ta, wani ya kaɗa zare, aka saƙa, aka rina, sannan aka ɗinka. Kamfanin da sunansa ke wuyan rigar yakan san masu ɗinki kawai. Saboda haka aikin farko shi ne ya bi sawun kayan baya-baya har gona, ya ware wuraren da haɗari ya fi yawa, wato inda ake ɗaukar baƙin ma'aikata ta hannun dillalai ko inda dokar ƙwadago ba ta da ƙarfi.

Daga nan sai bincike a masana'anta. Ƙungiyar Ƙwadago ta tsara alamomin aikin tilas goma sha ɗaya, daga ciki akwai ƙwace fasfo, riƙe albashi, hana fita da ɗaure mutum da bashi. A lura da ta ƙarshen, domin ita ce mai wuyar gani. Ma'aikaci ya ci bashi a garinsu ya biya dillali kuɗin samo masa aiki. Ba ƙofar da aka kulle masa, amma ba halin tafiya sai ya biya. Wannan bashi ba ya cikin littafin masana'anta. Shi ya sa, a ganina, binciken da aka sanar da ranarsa bai cika tsinana komai ba. Sai mai bincike ya keɓe da ma'aikata, da harshensu, inda manaja ba ya ji.

Misali shi ne Top Glove, kamfanin safar hannu ta roba a Malesiya. A Yulin 2020 hukumar kwastam ta Amurka ta fara tsare kayansa bisa zargin aikin tilas. Kamfanin ya mayar wa baƙin ma'aikatansa, da yawansu 'yan Nefal da Bangaladash, kuɗin dillalai, aka ɗage takunkumin a Satumban 2021.

Takarda ma tana iya yin ƙarya, to a nan ɗakin gwaji ke shigowa. Ruwa da ƙasar da auduga ta tsiro a kai suna barin alamar sinadarai a cikin zarenta. Ana auna wannan alama a kwatanta da samfurin yankuna daban-daban, a gane inda aka noma ta. Buƙatar gwajin ta ƙaru tun Yunin 2022, lokacin da wata dokar Amurka ta fara ɗaukar duk kayan yankin Xinjiang na Sin a matsayin na aikin tilas, sai dai in mai shigo da su ya kawo hujjar da ta wanke su.